Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Godiya, Ciwon Damuwa da Ƙwayar da Ake Yayi a Waje

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a Kakuri ko Sabon Tasha ya san yadda abin ke tafiya. An fito da maigida tsakar gida a kan kujerar roba, an tokare masa ɓarin da ya shanye da matashi, hannun na ajiye a cinya, yatsun a dunƙule. Masu dubiya su shigo da lemo ko kayan shayi. "Baba, ya jiki?" "Da sauƙi." "Allah ya ƙara sauƙi." "Amin, mun gode Allah." In gidan Musulmi ne a ji alhamdulillahi, in na Kirista ne matan zumunta su rera waƙa su rufe da addu'a. Kafin rabin awa an watse. Uwargida ce kaɗai ta san cewa tun jiya bai taɓa abinci ba, kuma da aka zo kai shi gashi sai ya juya fuska bango ya ce a ƙyale shi.

Irin waɗannan gidaje suna da yawa a kudancin kogin Kaduna. Unguwannin Kakuri, Makera da Nasarawa sun cika ne da mutanen da masaƙu suka jawo tun daga 1957 da aka buɗe Kaduna Textiles, sai kamfanin haɗa motocin Peugeot, sai matatar mai. Samarin da suka zo neman aiki a wancan zamani su ne dattawan yau, da yawansu masaƙun sun rufe sun bar su da jiran haƙƙoƙi da hawan jinin da ba a aunawa. Babban binciken nan na SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da abokan aikinsa suka gudanar a asibitoci 15 na Najeriya da Ghana, har da na koyarwa na Kano da na Zariya, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki yana da nasaba da hawan jini. Ya kuma nuna cewa matsakaicin shekarun masu kamuwa 59 ne, kuma kusan ɗaya cikin uku jijiyar jini ce ke fashewa a ƙwaƙwalwarsu, ba toshewa ba. Wannan adadi na ƙarshe yana da muhimmanci ga abin da zai zo a gaba.

Idan ciwon ya faɗa wa mutum, hankalin kowa kan koma kan hannu da ƙafa da baki. Za a kai shi asibitin Gwamna Awan ko na St. Gerard da ke Kakuri, a sauke hawan jinin, a sallame shi da takardar zuwa gashi. Wasu su haɗa da mai magani, domin har yanzu akwai masu ganin shanyewar jiki aikin iska ne ko jifa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne halin da zuciyarsa ke ciki, alhali bincike da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin uku da suka tsira daga wannan ciwo yakan faɗa ciwon damuwa.

Za a ce ai dole ne, wa zai rasa rabin jikinsa ya kasa baƙin ciki? Gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Tun a 1977 likitan ƙwaƙwalwa Marshal Folstein da abokansa a Amurka suka kwatanta masu shanyewar jiki da masu karaya da ciwon gaɓɓai waɗanda naƙasarsu ta yi daidai da juna. Masu shanyewar sun fi shiga damuwa nesa ba kusa ba. Ashe raunin da ke cikin ƙwaƙwalwa yana taɓa hanyoyin da ke daidaita farin ciki da kuzari, kamar yadda ya taɓa na motsa hannu. Akwai ma wani yanayi na dabam, inda mutum zai fashe da kuka ko dariya ba dalili, ya kasa tsayar da kansa, iyali su ɗauka ya zautu ko kuwa aljanu ne. Shi ma alamar raunin ce, kuma yana da magani.

Illar damuwar ba a zuciya take tsayawa ba. Wanda ya fid da rai ba zai yi atisayen da likitan gashi ya ba shi ba, ba zai damu da shan maganin hawan jini ba, kuma watanni ukun farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sababbin hanyoyi, za su wuce yana kwance.

To ina godiyar da ake ji a bakinsa? A nan akwai wani abu da masu dubiya ba su sani ba. Idan ciwon ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, sau da yawa magana kan ɗauke ko ta rikice. Mutum zai kalli moɗa ya san ta, ya san yana son ruwa, sunan ya ƙi fitowa. Amma maganganun da harshe ya haddace tun ƙuruciya, gaisuwa da amsarta, ƙirga ɗaya zuwa goma, addu'o'in yau da kullum, sukan tsira. Likitan Ingila Hughlings Jackson ya bayyana wannan tun ƙarni na 19. Saboda haka dattijon da ba zai iya cewa "raina ba daɗi" ba zai iya amsa "lafiya lau, sai godiya" ba gargada. Wanda kuma bakinsa ke lafiya, kunya da tarbiyya kan hana shi cewa wani abu dabam. Babba ba ya kuka gaban yara, mai imani ba ya ƙorafi, haka aka taso. Amsar dubiya ba ma'aunin zuciya ba ce.

Wannan ba ya nufin godiya ba ta da amfani. Masana halayyar ɗan Adam sun auna ta. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough suka wallafa gwajin da ya zama tushen wannan fanni a Amurka. Sun sa wasu mutane su riƙa rubuta abubuwan da suke godiya a kansu, wasu kuma su rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai ko al'amuran yau da kullum. Kashi na uku na gwajin shi ya fi kusa da batunmu, domin an yi shi ne da manya 65 masu cututtukan jijiya da tsoka, ciki har da waɗanda shan inna ya bari da naƙasa. Bayan kwana 21, masu rubuta godiya sun ba da rahoton ƙarin gamsuwa da rayuwarsu, da samun barci mai kyau, da jin kusanci da mutane. Zafin ciwonsu dai bai ragu ba.

Daga baya, a 2020, David Cregg da Jennifer Cheavens na Jami'ar Jihar Ohio suka tattara gwaje-gwaje 27 da aka yi a kan mutane sama da 3,600. Hukuncinsu shi ne cewa tasirin atisayen godiya a kan ciwon damuwa da fargaba ƙarami ne, kuma bai kamata a ɗauke shi a madadin magani ba. Abin lura shi ne irin godiyar da aka auna. Ba ta baki ba ce da ake amsa gaisuwa da ita. An nemi mutum ya zauna ya kama sunan abu ɗaya-ɗaya: yau babban yatsa ya motsa, yau na haɗiye koko ban ƙware ba, yau jikata ta zauna ta yanke mini farce. A Jami'ar Utah, Alexandra Terrill ta gwada irin wannan da ma'aurata, inda mai ciwon da mai jinyarsa suke yin atisayen tare, kowa ya faɗi abin da ya gode wa ɗan'uwansa a kai. Wannan dabara ta dace da gidajenmu, domin matar da ke tashi tsakar dare ta juya mijinta, ta wanke shimfiɗa, ta fita sayar da abinci da safe, ita ma damuwar na cin ta, kuma ba wanda ke zuwa duba ta.

Akwai kuma godiyar dole, wadda ake ɗora wa mara lafiya. "Ka gode wa Allah, wane ma da ya faɗi bai tashi ba." Mai faɗa da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma abin da mara lafiyan ke ji shi ne: yi shiru. A ganin mai wannan rubutu, ba a taɓa yi wa majinyaci wa'azin da ya fi wannan rashin amfani ba. Musulmi da Kirista duka sun san labarin Annabi Ayuba, kuma a duka littattafan biyu ya kai kukansa ga Ubangijinsa, ya faɗi cutar da ta same shi, hakan bai fitar da shi daga cikin masu haƙuri ba.

Daga nan sai batu na biyu, wanda ya fara shigowa ta wayoyin 'ya'ya da jikoki. A YouTube da TikTok ana yawo da labaran wasu ƙwayoyi masu juya hayyaci, waɗanda ake cewa shan su sau ɗaya ko biyu yana wanke damuwar shekaru. Mafi shahara shi ne sinadarin silosaibin da ake samu a wasu nau'o'in laimar kwaɗi, sai LSD, sai DMT, sai ibogen. Wanda ya sha yakan ga launuka da siffofi, lokaci ya rikice masa, ya ji kamar iyakar da ke tsakaninsa da sauran halitta ta narke. Da yawa sukan dawo suna hawaye, suna bayyana wata irin godiya da ba su taɓa ji ba ga iyali da rayuwa. Nan ne batutuwan biyu suka haɗu.

Abin ba sabo ba ne. Masanin haɗa magunguna Albert Hofmann ya haɗa LSD a Suwizalan a 1938, ya gano tasirinsa a 1943, ya kuma ware silosaibin daga laimar kwaɗin Meziko a 1958. Likitoci sun yi ta gwaji da su har zuwa lokacin da matasan Amurka suka mai da su abin holewa, gwamnatoci suka haramta, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin yarjejeniyar 1971. Binciken ya kwanta kusan shekara talatin.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka jawo wancan rikici shi ne Richard Alpert, malamin ilmin halayya da Jami'ar Harvard ta kora a 1963 saboda ba wa ɗalibi silosaibin. Ya tafi Indiya, ya dawo da suna Ram Dass, ya zama mashahurin mai wa'azin zuhudu. A Fabrairun 1997, yana da shekara 65, jijiya ta fashe a kansa, ɓarinsa na dama ya shanye, magana ta yi masa wuya. Masu tallar waɗannan ƙwayoyi suna son kawo sunansa, saboda daga baya ya riƙa kiran ciwon nasa rahama mai zafi, yana cewa shi ya koya masa karɓar taimako. Sai dai shi da bakinsa ya faɗa cewa a lokacin da yake kwance ana ƙoƙarin ceto ransa, babu wani tunanin ruhi da ya zo masa, kuma bayan haka ya shiga wani hali na baƙin ciki da raunin imani. Ɗaruruwan tafiye-tafiyen hayyaci da ya yi a ƙuruciya ba su kare shi daga abin da ke samun dattijon Makera ba. Godiyar ta zo a hankali, bayan dogon gashi da koyon magana da hidimar masu jinya. Ya rayu a keken guragu har zuwa Disambar 2019.

Binciken zamani ya farfaɗo ne a Jami'ar Johns Hopkins ƙarƙashin Roland Griffiths. A 2016 ya wallafa gwajin silosaibin a kan masu ciwon daji 51 da ke fama da damuwa da tsoron mutuwa, inda mafi yawansu suka samu sauƙin da ya kai wata shida. A 2021 masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan suka gwada silosaibin da wani sanannen maganin damuwa a kan mutum 59, ba su ga bambanci mai ƙarfi ba a babban ma'aunin da suka sa. A 2022 kamfanin Compass Pathways ya gwada a kan mutum 233 da damuwarsu ta ƙi jin magani: bayan mako uku, kusan kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka ba babban awo sun warware, a kan kashi 8 na waɗanda aka ba ɗan ƙaramin awo. Wasu kuma sun yi fama da ciwon kai, tashin zuciya, har da tunanin kashe kai. Ostireliya ta ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da silosaibin daga 1 ga Yulin 2023.

Yadda ake ba da shi ma ya kamata a sani. Ana tantance mutum, a yi zaman shiri da shi. Ranar shan, yana kwance a ɗaki na musamman, ido a rufe da ƙyalle, kiɗa a kunne, ma'aikata biyu na zaune kusa da shi awa shida zuwa takwas, ana auna jininsa lokaci-lokaci. Washegari a sake zama a tattauna abin da ya gani. Kuɗin wannan hidima a ƙasashen da aka halatta ta ya fi ƙarfin yawancin mutanensu, balle namu.

Ga kuma maganar da bidiyoyin ba sa faɗa. Waɗannan gwaje-gwaje ba a kan masu shanyewar jiki aka yi su ba. Hasali ma, irin waɗannan gwaje-gwaje sukan cire mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai ciwon zuciya, da wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, saboda silosaibin da LSD da DMT suna ɗaga jini da bugun zuciya na wasu sa'o'i. A yankin da kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon jijiya ce ta fashe musu, ɗaga jini da gangan wasa da rai ne.

Abin da ke akwai game da shanyewar jiki kai tsaye yawancinsa a kan ɓeraye ne. A 2020 wasu masu bincike daga Hangare suka nuna cewa DMT ya rage girman raunin ƙwaƙwalwa a ɓerayen da aka toshe wa jijiya. A 2023 Gül Dölen ta wallafa a mujallar Nature cewa waɗannan ƙwayoyi sun sake buɗe wa manyan ɓeraye wani lokacin koyo da kan rufe bayan ƙuruciya, abin da ya sa ake fatan ko wata rana za a iya haɗa su da gashi don tsawaita watannin nan na farko. Fata ce mai kyau, kuma masana na gaske ne ke bin ta. Amma tsakanin ɓera da Baba akwai tafiyar shekaru. Ibogen kuwa, wanda ake samu daga saiwar itacen iboga da mabiya Bwiti na Gabon ke amfani da shi a tsafinsu, an gwada shi a kan tsofaffin sojojin Amurka 30 masu raunin buguwa a ka, aka wallafa sakamakon a 2024, ba tare da wani rukunin kwatanci ba. An san yana rikita bugun zuciya, kuma ya kashe mutane.

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne wani ya ji labarin ya ce ai mu ma muna da namu. Zaƙami, wanda ake kira babba-juji ko haukata-yaro, yana fitowa a juji da bakin kwata, kuma yana sa gane-gane. Sai dai aikinsa a jiki dabam ne ƙwarai. Guba ce mai busar da baki, ta buɗe ƙwayar ido, ta sa zuciya gudu, jiki ya yi zafi, fitsari ya tsaya, mutum ya fita hayyacinsa ya kasa tuna abin da ya faru. Ba wanda zai iya sanin awonsa, domin ƙarfinsa ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan. Haka nan laimar kwaɗin da ke fitowa da damina, a cikinta akwai mai lalata hanta. Ta fuskar doka kuma, dokar hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ta ambaci LSD da sunansa tare da hodar iblis. Garin da bai gama farfaɗowa daga kodin da tramadol ba ba ya buƙatar sabon yayi.

Abin ban takaici shi ne maganin da aka tabbatar yana nan kusa, mutane ne ke gudunsa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana aiki tun 1975, kuma daga Narayi ko Television ko Kakuri tafiyar Keke Napep ce. Amma a bakin jama'a sunansa asibitin mahaukata, don haka iyali za su gwammace su kai dattijonsu ko'ina ban da can. "Babanmu ba mahaukaci ba ne," in ji su, kuma gaskiyarsu. Sai dai yawancin masu zuwa wannan asibiti su ga likita su koma gida a ranar, masu damuwa ne da rashin barci da farfaɗiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta sauya matsayin irin waɗannan majinyata a takarda. A unguwa sauyin bai iso ba tukuna.

Maganin damuwa na asibiti shi ma ba abin al'ajabi ba ne, kuma gwaji ya nuna iyakarsa. A Birtaniya an ba masu shanyewar jiki 3,127 maganin fluoxetine ko ƙwayar da ba komai cikinta har wata shida, aka wallafa sakamakon a mujallar Lancet. Bai ƙara wa hannu da ƙafa ƙarfi ba, amma ya rage yawan masu faɗawa damuwa, ya kuma ɗan ƙara yawan karayar ƙashi. Shi ya sa ba a ba kowa shi, sai wanda likita ya duba ya ga yana buƙata, kuma ba a kemis ake yanke wannan shawara ba. Yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa. Tare da shi ana buƙatar zaman tattaunawa, da ci gaba da gashi, da mayar da mutum cikin jama'a: a kai shi masallaci ko coci ko da a keke ne, a zaunar da shi a majalisarsa ta ƙofar gida, a riƙa neman shawararsa a kan auren 'ya da kuɗin makaranta yadda aka saba.

Godiyar kuma a sauya mata fasali. Maimakon a umarci mara lafiya ya gode, mai jinya ya zauna da shi da yamma, ya fara tambayarsa abin da ya fi ba shi wahala yau, ya saurara har ya gama ba tare da katse shi da "a yi haƙuri" ba. Bayan nan su nemo abu biyu ko uku da suka yi daidai, ƙanana, masu suna. In ba ya iya magana, a nuna masa da hannu ya gyaɗa kai. Wani ya rubuta a littafin makaranta na yara, domin bayan wata biyu, ranar da ya ce ba wani ci gaba, a buɗe masa shafin da ya nuna lokacin da ko zama ba ya iya yi.

Ga masu jinya da masu dubiya, alamomin da za a lura da su ba ɓoyayyu ba ne: mako biyu ko fiye yana ƙin abinci, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, ya daina sha'awar rediyo da hirar da yake so, yana ƙin gashi, yana cewa ya zama kaya ko gara ya mutu ya huta. Idan kun ga haka, ku faɗa wa likitan da ke duba hawan jininsa, ku nemi ya tura ku Barnawa ko wajen wani likitan ƙwaƙwalwa. Idan ya ambaci kashe kansa, kada ku jira ranar asibiti, ku ɗauke magunguna da fiya-fiya daga kusa da shi, ku kai shi a ranar.